Yadda ake fere babban shaf a injin CNC, daga zaɓen ƙarfe zuwa mazaunin boris

Wanda ya taɓa tsayawa a Kwangila ta Zariya yana kallon mai rake yana feraya, ya ga tushen sana'armu. Bambancin kawai shi ne a injin les, wato injin fere ƙarfe, ƙarfen ne ke juyawa, wuƙa kuma tana bin jikinsa a hankali tana cire ɓawo har ya sauko kan awon da ake so. A injin CNC kwamfuta ce ke jan wuƙar bisa lambobin da ka rubuta mata. Samarin da ke zuwa mana koyon aiki daga Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli sukan zo da lissafi mai kyau, wasunsu ma sun fi mu saurin rubuta furogiram. Abin da nake so in ƙara musu, su da duk yaron shago da ke shirin hawa babban inji, shi ne abin da ke faruwa idan ƙarfen ya kai rabin tan. A nan ne za ka ga cewa yawancin aikin ana gama shi tun kafin a danna koren maɓalli.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi har ƙarshe. Mai injin matsar man gyaɗa ya kawo zanen shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa cikin inji: tsawo mita 2, kaurin tsakiya milimita 200, kowane gefe da mazaunin boris mai kaurin milimita 150. Ɗanyen ƙarfen da za mu saya mai kaurin 210 ne.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Kafin komai, lissafa nauyi. Dunƙulen baƙin ƙarfe mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi yana da kilo 7,850, don haka sandar nan tamu ta kai kilo 544, wajen buhun masara biyar da rabi. Buɗe littafin injinka ka duba nauyin da aka yarje masa ya ɗauka tsakanin kai, inda ake kama ƙarfe a juya shi, da wutsiya, wadda ke tokare ɗaya bakin, da kaurin da zai iya juyawa a saman keken wuƙa. Wannan awon na biyu ya fi wanda ake rubutawa a jikin talla ƙanƙanta, kuma shi ne ke aiki a kan dogon shaf.

Sai irin ƙarfen. Shaf irin wannan yawanci EN8 ne ko C45, idan kuma wahalar da zai sha ta yi yawa a koma EN19. Matsalarmu a nan ita ce ba kowane ƙarfe ke zuwa da takarda ba. Wani daga Panteka ta Kaduna aka ɗauko shi, wani daga Ƙofar Ruwa a Kano, wani kuma tsohon shaf ne na wani injin da ya mutu. Ba laifi ba ne, amma ka gwada shi. Ka goga masa zarto a gefe: idan zarton na ci, da sauƙi, idan yana sulɓewa, an taɓa gasa ƙarfen ya yi tauri, sai ka rage gudu sosai ko ka ce a sauya. Ka kuma sa shi a dutsen wāshi ka kalli tartsatsi, domin mai yawan gawayi, wato sinadarin kabon, tartsatsinsa na fashewa da rassa da yawa. Idan kuwa tsohon shaf ne da aka yi wa ciko da walda a mazaunin boris, ka sa a ranka cewa akwai wurare masu tauri a ɓoye, kuma za su ci maka haƙoran wuƙa. Ka sanar da mai kaya tun da wuri, ka sa kuɗinsu cikin ciniki.

Ka sa a yanko ƙarfen da rarar milimita 80 zuwa 100 a tsawo. Wannan rarar ita ce wurin kamu, daga baya a datse ta.

Ɗaurawa

Shimfiɗa katakai a kan gadon injin kafin ƙarfe ya matso kusa. Ka ɗaga shi da ƙugiya da majanyin ɗaukar kaya guda biyu, a ware su nesa da juna don kada ya karkace, kuma kowa ya kauce daga ƙarƙashi. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni. Na sha ganin mutum uku suna magana a lokaci guda, mai jan sarƙa bai san wa zai bi ba, yatsan wani kuma yana tsakanin ƙarfe da cok, wato abin da ke kama ƙarfe a kan injin.

Ga ɗanyen ƙarfe mai wannan nauyi, cok mai yatsu huɗu nake so, wanda kowane yatsa ke tafiya shi kaɗai, saboda ɗanyen ƙarfe ba ya taɓa zama kewayayye sarai, kuma da shi ne za ka iya tura shi duk inda kake so. Ka kafa agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna rawar ƙarfe, a jikin ƙarfen kusa da cok, ka juya da hannu, ka riƙa daidaita yatsu biyu masu fuskantar juna: ka sassauta na ɓangaren da ya yi ƙasa, ka ɗaure na ɓangaren da ya yi sama, kana gyara rabin abin da agogo ya nuna kowane karo. Da zarar ka gama, makullin cok ya fita daga jikinsa ya koma mazauninsa. Hannunka kada ya saki makullin yana cikin cok, ko da sallama za ka amsa.

Yanzu ga wurin da sababbin hannu ke rikicewa. Ƙarfe mai kaurin 210 ba zai shige ramin kan yawancin injuna ba, to yaya za ka huda masa cibiya, wato ramin da tsinin wutsiya ke shiga, alhali mita biyunsa na reto a waje? Ga yadda muke yi. Tun yana ƙasa ka auna tsakiyar bakinsa, ka buga alama, ka huda cibiyar wucin gadi mai kusurwar digiri 60. Ka ɗora shi, tsinin wutsiya ya shiga wannan cibiya. A gudu kaɗan ka fere wata 'yar ɗamara mai faɗin da ya ɗan fi na tayoyin matokari, wato madogarar da ke rungumar shaf da tayoyi uku, kusa da bakin, ta fito sumul. Ka kawo matokari ya rungumi ɗamarar, ka ja wutsiya baya, ka gyara fuskar bakin, sannan ka sake yanka cibiyar da kyau. Wannan ta biyun ita ce ta gaskiya, kuma duk daidaiton shaf ɗin a kanta zai rataya. Ka share ta, ka sa mata giris, ka maido da tsini.

A al'adar sana'a, idan tsawon ƙarfe ya ninka kaurinsa sau uku sai an tokare shi da wutsiya, idan ya doshi ninki goma sai an ƙara matokari a tsakiya. Namu yana bakin goma, don haka ka fere wata ɗamarar a tsakiya. Wajen saita matokarin ka natsu. Agogo ɗaya a saman ƙarfen, ɗaya a gefensa, ka matso da tayoyin ƙasa guda biyu har su taɓa ba tare da allurar agogo ta motsa ba, sannan ka sauko da na sama. Idan matokari ya ture shaf daga tsakiyar layinsa, kowane juyi yana lanƙwasa shi, kuma a hankali sai ya fara zamewa daga cikin cok kamar ana zare shi. Ka kare tayoyin da guntun kwali ko roba, domin ɓawo ɗaya idan ya shiga ƙarƙashin taya zai zana wa shaf tabo a kewaye.

Wuƙa da lissafin gudu

Haƙoran kabaid, wato ƙananan bakunan yanka da ake ɗaurawa a kan wuƙa, suna zuwa da launi a jikin kwalinsu: shuɗi mai harafin P na baƙin ƙarfe ne, rawaya mai M na ƙarfen da ba ya tsatsa, ja mai K na zubin ƙarfe. Namu shuɗi ne. Don sassabe, wato cire mafi yawan nama, haƙorin CNMG mai lanƙwasar baki ta milimita 1.2 yana da juriya. Don lailaya ta ƙarshe ka ware wata wuƙa dabam mai bakin 0.8, kada ka bari ta taɓa ɓawon ɗanyen ƙarfe.

Juyi a minti ana samunsa ne ta ninka gudun yanka da 1,000, a raba da kauri da aka ninka da 3.14. Idan muka ɗauki mita 180 a minti, wanda madaidaici ne ga C45 da haƙori mai rufi, a kaurin 210 za mu sami juyi 273, a kaurin 150 kuma 382. Umarnin G96 shi ke yi maka wannan canjin da kansa yayin da kauri ke raguwa. Amma G96 na da haɗari: idan wuƙa ta doshi tsakiya wajen gyaran fuska, kauri na tafiya sifili, injin kuma zai yi ta ƙara gudu har iyakar ƙarfinsa, da rabin tan a bakinsa. Shi ya sa layin da ke ƙayyade iyakar juyi yake zuwa kafin G96, kowane lokaci. A yawancin injuna masu ƙwaƙwalwar kamfanin Fanuc wannan layin G50 ne, a wasu G92 ne, a Siemens kuma LIMS ake rubutawa. Farkon sassabe a Fanuc zai yi kama da haka:

G50 S450
G96 S180 M03
G71 U5.0 R1.0
G71 P100 Q200 U2.0 W0.2 F0.4

Ka lura da wani tarko. U na layi na uku zurfin ci ne ta gefe ɗaya, milimita 5, wanda ke rage kauri da 10. U na layi na huɗu kuma rarar da za a bari ce a kan kauri gaba ɗaya, milimita 2. Harafi ɗaya, ma'ana biyu.

Ka kuma tambayi kanka ko injin zai iya. Gudun 180, zurfin 5, tafiyar 0.4 a kowane juyi, a irin wannan ƙarfe suna neman wajen kilowat 12 a bakin wuƙa, moto kuma sai ya ba da fiye da haka. Babban kauri yana nufin juyi kaɗan, kuma moto ba ya ba da cikakken ƙarfinsa a ƙaramin juyi sai injin na da giya ka sa shi a ta ƙasa. Idan ka ga ma'aunin lodi a allo yana haurawa, rage zurfin ci zuwa 3 ko 4. Amma bi na farko kada ya yi sama-sama. Ka bari haƙori ya nutse ƙarƙashin baƙin ɓawon nan na waje, domin goga a kansa shi ya fi komai cinye baki.

Kafin ka bar wuƙa ta taɓa ƙarfe, ka gudanar da furogiram ɗin a allo ka kalli zanen hanyarta, sannan ka bi shi layi-layi, gudun gaggawa a rage shi zuwa mafi ƙanƙanta, hannunka a kan maɓallin tsayarwa, idonka a kan nisan da ya rage a allo. Kwamfutar ba ta san akwai matokari a hanya ba, ba ta san inda wutsiya take ba. Kai ne za ka raba aikin gida biyu, hagu da dama na matokarin, ka rubuta wa wuƙa hanyar da za ta kauce.

Lokacin sassabe

Ɓawo shi ke ba ka labari. Idan yana fitowa gajeru a murɗe kamar lamba 6 ko 9, aiki na tafiya. Idan yana fitowa dogo kamar igiya yana naɗe shaf, tafiyar wuƙa ta yi kaɗan, ƙara ta. Wannan dogon ɓawo ya fi aska kaifi, da ƙugiyar ƙarfe ake janye shi, kuma sai injin ya tsaya. A nan zan faɗi abin da nake faɗa wa kowane yaro ranar farko: kaftani mai dogon hannu, hirami a wuya, zobe, agogon hannu, safar hannu, duk a ajiye su kafin a matso. Kuma kada ka naɗe takardar yashi a hannu ka kama shaf yana juyawa don ka ƙara masa sheƙi. Wannan ɗabi'ar ta raba mutane da hannuwansu a ƙasashe da yawa, kuma injin da ke juya rabin tan ba zai ma ji cewa ya kama wani abu ba.

Idan ka ji kuka mai kaifi kuma fuskar ƙarfe ta fito da zane kamar ƙayar kifi, karkarwa ce. Duba tayoyin matokari da matsin wutsiya tukuna, sannan ka duba ko wuƙar ta leƙo waje da yawa. Idan duk lafiya, rage juyi da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ko ka koma haƙori mai ƙaramin baki.

Ruwan sanyaya, wannan mai kama da madara, ya riƙa zuba a kan haƙori ba yankewa. Haƙorin da ke zafi ana watsa masa ruwa jefi-jefi tsagewa yake yi. Haɗinsa yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na mai ne, kuma man ake zubawa cikin ruwa. A zafin bazara ruwan na ƙafewa da sauri, sai ka riƙa ƙara haɗi mai rauni don kada ya yi kauri.

Wuta

Ba za a yi maganar CNC a Zariya a tsallake wuta ba. Idan aka ɗauke ta wuƙa na cikin nama, mafi yawanci haƙorin ya tafi. Bayan ta dawo kada ka yi gaggawar danna ci gaba. Ka janye wuƙa ta X, wato nesa da jikin shaf, da hannu tukuna, ka mayar da injin gida idan irin mai bukatar haka ne, ka canza haƙori, ka duba ko guntun kabaid ya maƙale a jikin shaf ka cire shi, sannan ka faro daga layin da ke kiran wuƙar. Lailayar ƙarshe kuwa, ni a janareta nake yinta ko da akwai wuta, domin layin da tsayawa ke bari a mazaunin boris ba ya gyaruwa.

Duk ranar da aka taɓa wayoyin janareta ko aka kawo sabo, ka duba ta ina famfon mai da famfon ruwa ke juyawa. Idan aka musanya wayoyi biyu cikin ukun, baya za su yi, wutsiya mai aiki da matsin mai kuma ta rasa ƙarfi. Ka ajiye kwafin saitin ƙwaƙwalwar injin a wani wuri dabam, kuma idan allo ya nuna batir ya yi rauni, a Fanuc ana canza shi ne injin na kunne. Da hunturu kuma ƙura ita ce abokiyar gaba: idan ta haɗu da man gado sai ta zama kamar garin wāshi. Share gado safe da yamma, ka wanke matatar iska ta akwatin wuta, ƙofarsa kuma ta zauna a rufe ko da zafi ya sa ka ji kamar ka buɗe.

Ka bar shi ya huce

Ga inda na fi so ka saurare ni. A zanen an rubuta 150 m6 a mazaunin boris. Ma'anarsa kaurin ya faɗa tsakanin 150.015 da 150.040. Duk filin da kake da shi milimita 0.025 ne, bai kai kaurin silin gashi ba. Shi kuwa baƙin ƙarfe, kowace mita tana ƙaruwa da wajen milimita 0.012 idan zafi ya hau da digiri ɗaya. Shaf mai kaurin 150 da ya fi ma'auninka zafi da digiri 15 ya kumbura da 0.027. Wato zafi kaɗai ya cinye filin duka.

Na ga wannan da idona a wani shago da na yi aiki ina saurayi. Watan Afrilu ne, mai kaya na tsaye a kanmu motarsa na jira, aka gama sassabe aka zarce lailaya, maikuromita, wato ma'aunin kauri, ya nuna daidai, kowa ya yi hamdala. Da aka je ɗaurawa washegari, boris ɗin da ya kamata sai an gasa shi kafin ya shiga, da hannu ya zurma. Ƙarfen kuɗi mai yawa da aikin kwana biyu suka tafi, mai kayan kuma injinsa ya ƙara mako a tsaye. Har yau idan na tuna fuskarsa ba na jin daɗi.

Saboda haka bayan sassabe, ka tsaya. Idan da hali shaf ya kwana. Maikuromita da sandar gwajinsa su kwana kusa da shi, domin awon duniya an gina shi ne a kan digiri 20, mu kuma shagunanmu kan haura 35 da bazara. Abin da ke cetonmu shi ne ma'auni da shaf duk ƙarfe ne, idan zafinsu ɗaya tare suke kumbura. Kada ka daɗe da riƙe maikuromita a tafin hannu.

Hutun na da wani amfanin. Ƙarfe na da ɗaurin ciki tun daga masana'anta, kuma idan ka cire masa nama mai yawa yakan ɗan lanƙwashe. Da safe ka sassauta yatsun cok ka sake ɗaurewa da matsi madaidaici, ka ja tsinin wutsiya baya ka sake shigar da shi, domin shaf mai mita 2 da ya yi zafin digiri 15 ya ƙara tsawon kusan milimita 0.36, yanzu kuma ya koma. Ka bi shi da agogo a wuri uku ko huɗu. Idan ɗamarar matokari ta fara rawa, sake fere ta.

Lailaya

Rarar milimita 2 da muka bari, ka raba ta biyu daidai. Bi na farko ya cire 1, da gudu da tafiya irin waɗanda za ka yi na ƙarshe da su. Ka auna a farkon mazauni da ƙarshensa, kowanne a wuri biyu masu gicciye da juna. Abin da ka gani shi ne gaskiyar yadda wuƙa da shaf ke ture juna a wannan zurfin, sai ka gyara a shafin cin haƙori, kana tuna cewa lambar X ta kauri ce gaba ɗaya. Ka nufi tsakiyar fili, 150.028. Kada ka yi dabarar bi uku ko huɗu na ɗan kaɗan-kaɗan kana lallaɓawa. Haƙorin kabaid idan bai sami abin da zai ciza ba gogawa yake yi, awo kuma ya riƙa yi maka wasa.

Idan ka tarar gefen wutsiya ya fi na cok kauri ko siranta, wutsiya ta kauce daga layi. Ƙaramin bambanci ana gyara shi cikin furogiram ta ƙara ko rage X a ƙarshen layin. Babba kuwa sai an saita wutsiyar, ko a sake duba zaman injin a kan daɓensa da ma'aunin ruwa.

Santsin fuska daga tafiyar wuƙa da faɗin bakinta yake fitowa. Tafiyar 0.2 da bakin 0.8 na ba da wajen Ra 1.6 a awon santsin fuska, idan zane ya nemi 0.8, sauko da tafiyar zuwa 0.14. Ka kunna G42, umarnin da ke lissafa lanƙwasar bakin haƙori, don kwana da gangare su fito daidai. Kwanar da ke gindin kafaɗar boris kuma ka ba ta haƙƙinta: idan ta yi kaifi, daga nan shaf ke fara tsagewa bayan watanni yana aiki, idan ta fi ta jikin boris girma, boris ba zai zauna ya jingina da kafaɗa ba. Duba littafin boris ɗin ka ɗauki wadda ta ɗan gaza tasa.

Saboda rarar kamun da muka bari, za ka iya lailaye mazaunan biyu a ɗauri ɗaya, kuma wannan ne ke sa su zama kan layi guda. Idan dole sai ka juya shaf, ka sa guntayen jan ƙarfe tsakanin yatsun cok da fuskar da ka gama, ka sa agogo a kan mazaunin farko, kada ka fara yanka sai rawar ta sauko ƙasa da 0.02. Datse rarar ka bar ta ƙarshe, shaf na kan matokari, kuma kada ka yanke ta har ƙarshe a kan inji. Ka bar ɗan wuya, a ƙarasa da zarto bayan an rataye shi a majanyi.

Kafin ya sauka ka sake auna komai ka rubuta a takarda, kwafi ɗaya naka ɗaya na mai kaya. Ka shafe shi da mai, ka naɗe mazaunan boris da tsumma da kwali, a cikin mota kuma a kwantar da shi kan katakai uku a ɗaure, kada ya yi ta birgima daga nan har Funtuwa. Sannan ka ja makanikin da zai ɗaura gefe ka ce masa: Malam, don Allah boris ɗin nan a ɗumama shi cikin mai ko a na'urar ɗumamawa zuwa digiri 110, kada ya wuce 120, a zura shi da zafinsa har ya taɓa kafaɗa. Guduma kada ta kusance shi.